Abin da Baƙi Suka Gani a Gidan Hezekiya: Darasi kan Nuna Kyautar Kirsimeti a Waya



Ga Kirsimeti ya ƙarato. Teloli sun daina barci, masu watanda sun fara zagaya kasuwar shanu, 'yan makaranta sun dawo gida, iyaye kuwa suna ta lissafi cikin dare. Nan gaba kaɗan kyauta za ta fara yawo tsakanin gidaje kamar yadda aka saba: turmin atamfa daga maigida, takalmi daga kawu, kwanon shinkafa da nama zuwa gidan maƙwabci, Kirista ne ko Musulmi. Wannan abu ne mai kyau, Ikkilisiya kuma ba ta taɓa hana shi ba. Amma a shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo cikin bikin. Kafin a gama kwance kyauta, an riga an ɗauki hotonta an ɗora a Facebook, ko a TikTok, ko a sashen nan na WhatsApp da ake kira sitatus. Ga sabuwar waya cikin kwalinta, ga leshi an baje a kan gado, ga makullin mota an ɗaura masa jan ƙyalle. Wani lokaci har kuɗin da aka saya ake rubutawa.

Ra'ayin jama'armu ya rabu a kan wannan. Waɗansu suna cewa godiya ce kurum, ai yaba kyauta tukuici; in maigida ya yi ƙoƙari, ko ɗa ya tuna da uwarsa, mene ne laifin a sani? Suna kuma ƙarawa da cewa 'yan'uwa sun warwatsu, wani yana Legas, wani Fatakwal, wani ƙasar waje, ta waya kaɗai za a yi murna tare. Waɗansu kuwa, musamman dattawa, suna ganin abin fariya ne da tona asirin gida. Akwai kashi na uku waɗanda ba sa cewa kome. Sukan duba, su ajiye wayar, su kwana da abin a zuci. A ganina su ne suka fi yawa, saboda su ne kuma na zaɓi wannan darasi.

Sarki da baƙinsa

Bari mu buɗe Littafin Sarakuna na Biyu, sura 20, daga aya 12 zuwa 19. Labarin yana kuma cikin Ishaya sura 39. Kimanin shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, Hezekiya sarkin Yahuza ya kwanta ciwo har ya kai bakin mutuwa. Ya yi kuka ga Allah, Allah ya ji shi, ya ƙara masa shekara 15. Da labari ya kai Babila, sai sarkinta Merodak-baladan ya aiko da jakadu ɗauke da wasiƙu da kyauta. Masana tarihi sun nuna cewa ba gaisuwar jinya kaɗai ta kawo su ba, gama a lokacin sarkin Babila yana neman abokan da za su taya shi tayar wa Assuriya. Hezekiya ya ji daɗin zuwansu ƙwarai. Ya kama hannunsu ya zagaya da su taskokinsa, ya nuna musu azurfa da zinariya, da kayan ƙanshi, da mai mai tsada, da ɗakin makamai. Bai rage kome ba.

Bayan sun tafi, annabi Ishaya ya shigo fada. Bai fara da faɗa ba, tambaya ya yi: daga ina mutanen suke, me kuma suka gani a gidan. Sarki ya amsa da gaskiya cewa ya nuna musu duka. Sa'an nan annabi ya sanar da shi cewa rana tana zuwa da za a kwashe dukan abin nan zuwa Babila, har da waɗansu daga cikin zuriyarsa. Haka kuwa aka yi. Fiye da shekara 100 bayan haka, a 597 da kuma 587 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Nebukadnezzar suka kwashe dukiyar Urushalima.

To, ina laifin Hezekiya? Dukiyar tasa ce, ba sata ya yi ba, Littafi Mai Tsarki kuma ya lasafta shi cikin sarakunan kirki. Littafin Tarihi na Biyu, sura 32, shi ne ya buɗe mana abin. A can an nuna cewa jakadun sun zo ne suna tambaya a kan al'ajabin da ya faru a ƙasar, an kuma nuna cewa bayan warkewarsa zuciyar sarki ta kumbura, bai mai da godiya daidai da alherin da aka yi masa ba. Ku lura da kyau. Babbar kyautar da Hezekiya ya samu a shekarar nan ita ce ransa. Baƙi daga ƙasa mai nisa, waɗanda ba su san Allah na Isra'ila ba, sun zo har gida suna tambaya a kan wannan. Dama ce ta yin shaida wadda ba kullum ake samunta ba. Shi kuwa sai ya kai su ɗakin ajiya. Suka koma gida sun san yawan zinariyarsa, ba su san wanda ya tashe shi daga gadon mutuwa ba.

Nan ne nake so masu cewa "godiya ce" su tsaya su yi tunani. Ba na ƙaryata su, gama Allah ne kaɗai ya san zuciya. Amma akwai ma'auni mai sauƙi. Idan mutum ya gama kallon abin da kika ɗora, 'yar'uwata, wa ya girma a idonsa? Allah, ko wanda ya ba da kyautar, ko kuwa ke da kayan? Sau da yawa sai a rubuta "Na gode wa Allah" da ƙananan haruffa a ƙasa, hoton kayan kuwa ya cika fuskar waya, an juya shi ta yadda sunan kamfani zai fito sosai.

Haske da ƙaho

Wani zai ce, ai Ubangiji da kansa ya umarce mu kada mu ɓoye haskenmu. Gaskiya ne, yana cikin Matiyu 5:16. Amma cikin wa'azin nan guda, a farkon sura 6, ya gargaɗe mu kada mu yi ayyukan kirki domin idon mutane, ya kuma kwatanta mai yin haka da wanda ake busa masa ƙaho sa'ad da zai ba da sadaka. Waɗannan ayoyi biyu ba sa gāba da juna. Waliyyi Augustin ya bayyana cewa abin da ya raba su shi ne manufa: a wuri na fari ana ganin aikin domin a ɗaukaka Uba, a na biyu ana yin aikin domin a ga mai yinsa.

Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bi wannan magana dalla-dalla cikin babban littafinsa na tauhidi. Ya koyar da cewa ba zunubi ba ne mutum ya so a san abin kirki da ke gare shi. Son yabo yakan zama na banza ne idan abin da ake neman yabo a kansa mai wucewa ne, bai isa a yi taƙama da shi ba; ko idan ana neman yabon daga wurin mutanen da hukuncinsu ba abin dogara ba ne; ko kuma idan yabon bai nufi ɗaukakar Allah da amfanin maƙwabci ba. Ku ɗora wannan ma'auni a kan wayar da aka ba ka, ɗan'uwa, wadda bayan shekara biyu za a kira ta tsohon yayi. Ku ɗora shi kuma a kan masu danna alamar so, waɗanda da yawansu ba su san ƙofar gidanka ba, kuma kafin ka ƙifta ido sun wuce zuwa hoton wani.

Tun kafin Akwinas, Paparoma Girigori Babba, wanda ya shugabanci Ikkilisiya daga 590 zuwa 604, ya sa son yabo na banza cikin manyan zunubai bakwai, ya kuma nuna cewa shi ne ke haifar da hassada. Mai son a gan shi ba ya jure a ga wani. Shi ya sa abin bai taɓa tsayawa a hoto ɗaya ba. Wance ta ɗora atamfa, sai wance ta ɗora leshi. Maigidan da ya yi iyakar ƙoƙarinsa sai ya tarar ana auna kyautarsa da ta mijin wata. Kowane fada da kowane katakis da ya taɓa zaman sulhunta ma'aurata a watan Janairu ya san yawan rigimar da ke farawa da "ka ga abin da wane ya saya wa matarsa?" Daga nan sai cin bashi, sai taɓa kuɗin adashi, ga kuɗin makaranta kuma yana jira a makon farko na sabuwar shekara.

Wa ke kallo?

Kada mu yi kamar nuna kyauta baƙon abu ne a ƙasarmu. Ana kiran mata su zo ganin lefe. Ana jeren ɗakin amarya. Yara sukan sa sabbin kaya su fita yawon Kirsimeti gida gida, ba wanda ya taɓa ganin laifinsu. Amma a duk waɗannan, mai nunawa yana ganin fuskar wanda yake nuna wa. Uwa takan san gidan da aka yi rasuwa a bana, da gidan da ba a ɗora tukunya ba, sai ta ja kunnen ɗanta, ta kuma cika kwano ta aika. Fuskar maƙwabci ita ce linzamin. Waya ta cire wannan linzami. Abin da ka sa a sitatus, in ba ka taƙaita shi ba, duk wanda kuka ajiye lambar juna zai iya gani: mai yi maka wanki, da wanda ke binka bashi, da gwauruwar da kuke zama benci ɗaya a coci. An ce bayan awa 24 yakan ɓace, amma wanda ya so ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye.

Mu kuma tuna irin ƙasar da muke yin wannan a cikinta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar abinci ta shiga kowane gida. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma a ƙarshen shekarar nan buhun shinkafa ɗaya ya fi wannan kuɗi. Ba mu manta da abin da ya faru a makon Kirsimeti na 2024 ba. Ranar 18 ga Disamba yara 35 suka mutu cikin turmutsutsu a Ibadan, a wurin wani biki da aka yi alkawarin raba kyauta. Ranar 21 ga wata mutum 22 suka mutu a Okija ta Jihar Anambra wajen rabon shinkafa. A wannan rana kuma mutum 10 suka rasu a harabar cocinmu ta Holy Trinity da ke Maitama, Abuja, inda jama'a suka yi sammako domin karɓar abincin da aka shirya wa mabukata. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Cikin irin mutanen da ke shiga layin nan akwai masu waya a hannu, suna kuma ganin abin da muke ɗorawa.

Manzo Bulus ya tarar da irin wannan a Koranti. Masu bi sukan taru domin Jibin Ubangiji, kowa da abincinsa. Masu hali su ci su ƙoshi, marasa hali su zauna suna kallo. Ku karanta 1 Korantiyawa 11:17-22. Bulus bai zarge su da sata ba, abincin nasu ne. Abin da ya ɓata masa rai shi ne suna kunyata waɗanda ba su da shi, ya kuma ɗauki wannan a matsayin raina Ikkilisiyar Allah. Zauren WhatsApp na Zumuntar Mata, ko na ƙungiyar mawaƙa, ko na matasa, shi ma taron masu bi ne. Abin da bai dace a yi a gaban bagade ba, da wuya ya dace a can.

Akwai kuma maganar tsaro, ba sai na tsawaita ba. A yankinmu, inda masu garkuwa da mutane ke aiki da 'yan leƙen asiri, wanda ya nuna sabuwar mota da lambarta, da ƙofar gidansa, da fuskokin 'ya'yansa, ya yi abin da Hezekiya ya yi.

Hoton mai karɓa

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wato nuna kyautar da mu muka bayar. An sayi shinkafa an ƙulla a leda, an tara gwauraye da marayu, an jera su, kowa ya rungumi ledarsa, mai bayarwa ya tsaya a tsakiya yana murmushi, a ɗauka, a watsa. Wa ya tambayi tsohuwar nan ko tana so surukanta da ke wani gari su gan ta cikin layin sadaka? Ba za ta iya ƙi ba, gama tana bukatar shinkafar. Ta biya kuɗinta da mutuncinta, mudu biyu kuwa bai kai wannan farashi ba. Bahaushe yana da kalma ga wanda ya yi alheri ya riƙa tuna wa mutum: gori. Hoton da ya shiga intanet gori ne wanda ba ya ƙarewa, ko da mai ɗora shi bai nufi haka ba. Yaron da aka ɗauka yana shekara 7 zai iya cin karo da shi yana shekara 20. Cikin dukan abin da talaka yake roƙon Allah, rufin asiri ne a gaba.

Abin mamaki, al'adar kyautar Kirsimeti tana da alaƙa da mutumin da ya yi akasin wannan. Waliyyi Nikolas, Bishop na Mira a ƙasar da yau take cikin Turkiyya, ya rayu a ƙarni na 4, muna kuma tunawa da shi ranar 6 ga Disamba. Labarin da Ikkilisiya ta gāda a kansa shi ne, ya ji wani talaka yana da 'ya'ya mata uku, ba shi da abin aurar da su, har suna cikin hatsarin lalacewa. Sai ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙunshin zinariya ta taga, yana gudu. Da uban ya yi kwanto ya kama shi, Nikolas ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Daga sunansa ne Turawa suka samo Baba Kirsimeti mai jar riga. Jar rigar ta iso mana, sirrin kuwa ya ɓace a hanya.

Na san abin da shugabannin ƙungiyoyi za su ce: masu ba da gudummawa suna son shaida cewa kuɗinsu ya isa inda aka nufa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amanar kuɗin jama'a ba abin wasa ba ce. Amma ana iya ɗaukar hoton buhunan kafin a raba, a rubuta lissafi, a karanta a taron kwamiti, a aika wa wanda ya bayar shi kaɗai. Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, wadda Frederic Ozanam da abokansa suka kafa a Faris a 1833, tun farko hanyarta ita ce a je wa mabukaci har gida, a zauna, a gaisa, a ji damuwarsa. Wannan hanya ta fi wahala, ba ta kuma da abin ɗauka a hoto.

Ga mai kallo

Kai kuma ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, da kuke kallo zuciya tana ƙuna, akwai magana dominku. Doka ta goma ta hana ƙyashin abin maƙwabci, Katakizim na Ikkilisiyar Katolika kuma ya lasafta hassada cikin manyan zunubai, ya bayyana ta da cewa baƙin ciki ne a kan alherin da wani ya samu. Jin zafi na farko ba zunubi ba ne, rauni ne na ɗan Adam. Zunubi yana farawa sa'ad da ka zauna kana hura wutar, ka tura hoton ga wani domin ku yi gulma, ko ka juya kan matarka ko mijinki da faɗa. Ba kowane mai ɗora hoto ne yake nufinka da sharri ba; wata yarinya ce da ba a taɓa ba ta kome ba sai bana. In za ka iya taya ta murna, ka taya. In ba za ka iya ba tukuna, ka rufe sashen nan na wayar har bikin ya wuce, ba wanda zai tambaye ka dalili. Ka kuma sani hoto ba ya nuna bashin da ke bayansa, ba ya nuna kayan aro.

Ku duba gidan da muke yi wa bikin. Sa'ad da Maryamu da Yusufu suka kai Jaririn Haikali, hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa (Luka 2:24), wadda Littafin Firistoci 12:8 ya ƙayyade wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Masana taurari da suka kawo zinariya da lubban da mur, cikin gida suka buɗe taskarsu, a gaban Yaron da uwarsa, suka kuma koma ƙasarsu ta wata hanya ba tare da sun kai wa Hirudus labari ba.

Ikkilisiya ba ta ƙi waɗannan na'urori ba. Tun ranar 4 ga Disamba 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da takarda a kan hanyoyin sadarwa, ta karɓe su a matsayin abin da zai amfani 'yan Adam in an yi aiki da su daidai. A 2023 ofishin sadarwa na Batikan ya sake fitar da wata a kan kafofin sada zumunta, ya gina ta a kan misalin Basamariye mai kirki, domin mu tuna akwai maƙwabci a ɗaya gefen wayar. Saboda haka ban ce kada a ɗauki hoto ba. Ki sa atamfarki, ki ɗauka, ki aika wa ɗanki da ya saya miki, ki kira shi ya ji muryarki, ki sa masa albarka. In a gari ɗaya kuke da mai kyautar, ka taka da ƙafarka ka je ka yi godiya. Wayar kanta tana da wurin da ake zaɓen waɗanda za su ga abin da aka ɗora. Wanda bai iya ba, ya sa jikansa ya nuna masa.

Ina roƙon katakis da shugabannin ƙungiyoyi su karanta 2 Sarakuna 20:12-19 da 1 Korantiyawa 11:17-22 tare da jama'a a taronsu na gaba. Kwamitocin da ke shirin rabon kayan Kirsimeti kuma su zauna tun yanzu su tsara yadda za a kai wa kowane gida nasa ba tare da an tara mutane a layi ba, su kuma yanke shawara a kan maganar ɗaukar hoto kafin ranar ta zo.